An yi mini rasuwa a Almeriya

Ni mutumin karkarar Kance ne, a jihar Damagaram. A can aka haife ni a 1991, na biyu a maza a ɗakinmu. Babanmu manomi ne, amma yana da almajirai kamar goma da yake biya wa allo a zaure da asuba da kuma bayan magariba. Na yi shekara huɗu a lakwal, na tsinci Faransancin da zai ishe ni karanta takardar likita, daga nan aka cire ni saboda noma. Abin da aka san ni da shi a gari shi ne baki. In samari za su je gaisuwar surukai ni suke sawa gaba, in rigima ta tashi a dandali ni ake kira in sasanta. Na faɗi wannan ne don a gane girman abin da na rasa daga baya.

A 2011 yayana ya dawo daga Libiya bayan faɗuwar Gaddafi, da jaka ɗaya a kafaɗa. Shi ne dama mai aiko da abin cefane. Daminar shekarar kuma ta yi gardama, kafin rani ya raba rumbunmu ya koma ɗakin ɓeraye. Muka lallaɓa shekara biyu, ni kuwa tafiya biɗa ta riga ta shiga raina. Na matsa wa Baba, na aika masa abokansa, har ya jinginar da gonar da ya gada a kan jika ɗari uku. Daren da zai ba ni kuɗin ya kira ni zaure, fitila tana tsakaninmu, ya ce, “Ban hana ka ba, ban kuma ce ka tafi ba. Amma ka sani gonar nan a hannun kakanka na same ta.” Na ce, “Baba, shekara biyu kawai.” Bai amsa ba, ya miƙo mini ƙunshin.

Muka bi ta Agadas da Arlit da Assamaka a bayan Hilux, ƙafafu a waje, kowa rungume da sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo. Ina leburanci a wurin gini a Tamanrasat, a kudancin Aljeriya, a ƙarshen Oktoban 2013, labari ya zo cewa an tsinci gawa 92 a sahara arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su, kuma da yawansu mutanen yankinmu ne. Inna ta sa aka kira ni a waya ta ce in dawo. Ban dawo ba. Da wane ido zan kalli Baba, gona tana hannun wani?

Daga can na haura arewa, na shiga Maroko, na yi watanni a dutsen Gurugu da ke bayan garin Nador, inda da dare kake hango fitilun Meliya, garin Sifaniya da ke gaɓar Maroko wanda aka kewaye da shinge, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. A 2014 na haura shingen, mita shida tsayinsa, da waya mai reza. Tabon yana tafin hannuna na hagu har yau. Na yi watanni a sansanin baƙi, sannan aka sa mu a jirgin ruwa aka tsallakar da mu.

Almeriya na ƙare, a kudancin Sifaniya, inda suke kira tekun leda: rumfunan noman rani da aka lulluɓe da farar leda, sama da hekta 30,000, tumatir da tattasai da kokwamba da kankana da ake ciyar da Turai da su cikin sanyi. Ranar da na fara ganin allon garin da zan zauna gabana ya faɗi, domin an rubuta Níjar, daidai yadda muke rubuta sunan ƙasarmu da Hausa. Su “Nihar” suke cewa. A wajen garin muka kafa bukka da katakon lodi da tsohuwar ledar rumfa, ba ruwa ba wuta. Da asuba mu tsaya a bakin hanya, mai gona ya zo da mota ya nuna wanda yake so da yatsa.

Sifaniyancin da na fara sani duk umarni ne. “Venga”, maza. “Coge”, ɗauka. “Corta”, yanke. “Mañana no”, gobe babu aiki. Ni kuma da na fara haɗa tawa maganar, sai in ɗauko fi'ili ɗanye yadda yake a ƙamus, ba a juya shi ba: “yo trabajar, yo comer, yo no tener”. Ni aiki, ni ci, ni babu. Magana ce da ba ta da jiya, ba ta da gobe, ba ta da “wataƙila”, ba ta da “da na sani”. Abokan bukkata 'yan Mali ne da Senegal, su yi Bambara da Wolof a tsakaninsu. Mutum ɗaya ne mai jin Hausa, wani ɗan zangon Kumasi, shi ma ya tafi Lerida tsinkar 'ya'yan itace bai dawo ba. Sai na wayi gari, ni da ake bar wa ƙarshen zance a dandali, ina kwana uku ban yi jimla ɗaya cikakkiya da kowa ba. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ni bebe na zama. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na fara lura ko a cikin raina tunanin ya gajarce. Aiki, ci, barci, kuɗi. In na so in yi dogon tunani a kan rayuwata sai in ji kamar ina jan guga a rijiyar da ta ƙafe.

Wata rana a bazarar 2016, zafi a cikin rumfa ya wuce arba'in, na ɗauko akwatin tumatir uku a jere, zufa ta sa na ƙasan ya suɓuce, duk suka tarwatse. Mai gonar ya taho yana tambayar me ya faru. Na so in ce ya suɓuce mini ne. Abin da nake da shi a baki shi ne “yo tirar caja”. Ya dube ni, fuskarsa ta sauya, ya maimaita: “¿Tú la has tirado?” Na ce “sí”, don na ɗauka gaskiya nake faɗi. Ashe cewa na yi ni na jefar da shi. Ya sallame ni a ranar, bai biya ni kwana huɗun da nake bi ba.

Ba a yi wata biyu ba aka yi babbar. A lokacin na daina ɗaukar wayar gida, saboda duk kira sai an tambayi gona, ni kuwa abin da nake samu bai wuce na burodi da ɗan abin da nake aikawa na hatsi ba. Shekara biyun da na yi alkawari ta wuce. Na kashe wayar kusan mako guda. Da na kunna, saƙon muryar yayana ne a sama: “Ka yi haƙuri, Baba lokaci ya yi. Yau ma aka yi sadakar uku.” Daga baya na ji a gonar wani mutum Baba ya yanke jiki ya faɗi, yana ƙwadago, dattijo mai shekara sittin da wani abu, malamin allo.

Ban yi kuka ba. Na zauna a bakin bukka har gari ya waye, jimla ɗaya tana juyawa a kaina: ni na kashe shi. Ta zauna ta yi kaka-gida. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, sallah ma sai in tayar in rasa raka'a nawa na yi. Wani ɗan Mali da ya ga ina ramewa kamar kara ya ja ni asibitin unguwa. Likita ta tambaye ni me ke damuna, na ce “soy malo”. Ta ɗago kai ta ce a hankali, “Estás malo.” Ban gane abin da ta gyara ba. Ta ba ni maganin barci, ta kuma rubuta mini a takarda inda wata ƙungiyar agaji take koyar da baƙi harshe da yamma, ta ce in je ko don in zauna cikin mutane.

Malamar tsohuwa ce, ta yi ritaya daga koyarwar firamare, gashinta fari fat, sa'ar Inna ko ta ɗan girme ta. Kowa “hijo” take ce masa, wato ɗana. Ranar farko ta ce kowa ya tashi ya gabatar da kansa. Na tashi na karanto abin da na haddace: “Soy de Níger. Soy musulmán. Soy ilegal.” Ni ɗan Nijar ne, ni Musulmi ne, ni haramtacce ne. Haka nake ji ana kiranmu, haka na ɗauka sunanmu yake.

Ta ajiye allin da ke hannunta. Ta ce, “Biyun farko daidai ne, ɗana. Na ukun kuskure ne, kuma ba na barin kuskure a ajina.” Ta ja layi ta raba allo biyu. A dama ta rubuta SER, a hagu ta rubuta ESTAR. Ƙarƙashin na farko ta sa “soy de Níger, soy musulmán”. Ƙarƙashin na biyu ta rubuta “estoy sin papeles”, ina zaune ba takardu. Ta ce Sifaniyanci yana da fi'ili biyu a inda Faransanci yake da être guda ɗaya. Da “ser” ake faɗin ko wane ne mutum, asalinsa da ɗabi'arsa. Da “estar” ake faɗin inda yake da halin da yake ciki, kuma ta samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin tsayuwa. Ta miƙe ƙafa ta buga ƙasa, ta ce nan kake tsaye yau, shi ke nan.

Ta kawo misalai. “Es aburrido”, mutum ne mai gundura. “Está aburrido”, gundura ta kama shi. “Es listo”, mai wayo ne. “Está listo”, ya shirya. Sai ta rubuta “es malo”, mugu ne, da “está malo”, ba shi da lafiya. Nan jikina ya yi sanyi. Ashe abin da na gaya wa likita ke nan, cewa ni mugu ne. Kuskuren nahawu ne, amma wallahi a lokacin shi ne ainihin abin da na yarda da shi game da kaina.

Hanyar komawa bukka tafiyar kusan awa ɗaya ce a ƙafa tsakanin rumfunan leda. Ina tafe ina jujjuya abin, sai na ji kunya ta kama ni, domin Hausa ta riga ta koya mini wannan tun ina goye. Muna cewa “malami ne”, muna cewa “yana gida”, ba ma haɗa su. Ba ma ce wa mutum “marar lafiya ne” sai ciwon ya zame masa jiki. Cewa muke “ba ya jin daɗi”, “yana kwance”. In Inna za ta ba da labarin wanda ya karye, ba ta taɓa cewa matsiyaci ne, sai ta ce “yana cikin wani hali”, kamar halin ɗaki ne da aka shiga, mai ƙofa. Ina da wannan rabon a bakina shekara ashirin da biyar ban taɓa ganinsa ba, sai da wata baƙuwa ta ja masa layi da alli.

Ba zan ɓoye ba, dokar ba ta tafiya sumul yadda na so. Da na fara murna cewa duk abin da yake wucewa “estar” ne, sai na tarar talauci da “ser” ake faɗinsa, “soy pobre”, haka ma ƙuruciya, “soy joven”, alhali ba wanda ya dawwama yaro. Na talaucin ya yi mini ciwo, har yau ban so shi ba. Sannan wata rana ta rubuta “está vivo, está muerto”, yana raye, ya mutu, duka biyun a hagu. Na ɗaga hannu na ce, “Malama, mutuwa ai ba a dawowa, me ya sa take ƙarƙashin estar?” Ta ce a wurin masu nahawu dalilin shi ne mutuwa hali ce da mutum ya shiga bayan wani sauyi, batun daɗewa bai shigo ciki ba. Na karɓi bayaninta. Amma ni ɗan malamin allo ne, an karantar da ni cewa kabari zango ne. Na ji daɗi ƙwarai da na ga harshen mutanen nan bai sa mutuwa a layin abin da mutum yake ba, ya sa ta a layin inda yake tsaye.

Darasin da ya fasa ni ya zo bayan kamar wata biyu. Na ba ta labarin akwatin tumatir da guntun Sifaniyancina. Ta dafe kai ta ce, “Ay, hijo. Abin da za ka ce shi ne: se me cayó.” Ta warware mini shi gaɓa-gaɓa. A jimlar, akwatin ne mai faɗuwa. “Se” ɗin yana nuna abin ya auku ne da kansa. “Me” ɗin kuma ni ne, wanda abin ya faɗa wa. Kana cikin jimlar, amma ba a kujerar mai laifi ba. “Se me rompió”, ya fashe mini. “Se me perdió”, ya ɓace mini. “Se me olvidó”, ya shige mini. Na ce mata muna da irinsa sak, na faɗa mata “ya suɓuce mini”, ta sa na maimaita har sau uku tana gwadawa. Kalmomi uku ƙanana, da ina da su a ranar da ban rasa aikina ba.

Sai ta ƙara misali ɗaya, da muryar da ta yi ƙasa. Ta ce ko mutuwa haka suke faɗinta in ta kusa ce. Ta rubuta “se me murió mi marido”, ta ce shekara shida ke nan. Mijina ya mutu mini. Na zuba wa allon ido. Ban san lokacin da bakina ya furta da Hausa ba: an yi mini rasuwa.

Tun da Baba ya rasu ba wanda ya yi mini gaisuwa ido da ido, ban zauna a tabarmar makoki ba, ban ji an ce “ya ƙarin haƙuri” ba. Ban taɓa sa kaina cikin waɗanda aka yi wa rasuwar ba. A wurina ni ne sanadi, wanda ya yi sanadi kuwa ba shi da bakin kuka. Na ɗauki alli, hannuna yana rawa, na rubuta a ƙarƙashin nata: “se me murió mi padre”. Kukan da ban yi ba wata biyar ya zo gaba ɗaya, a gaban mutum goma sha biyu. Wani dattijo ɗan Maroko ya taso ya dafa kafaɗata yana “Allah yarhamu”, sauran suka bi, kowa da harshensa. A wannan ajin aka yi mini zaman makokin mahaifina.

Daga baya na karanta cewa wasu masu bincike a Amurka, Caitlin Fausey da Lera Boroditsky, sun nuna wa masu jin Turanci da masu jin Sifaniyanci bidiyon mutane suna fasa ƙwai ko balan-balan, wani da gangan wani bisa kuskure, suka wallafa sakamakon a 2011. In da gangan ne, duka ɓangarorin suna tuna wanda ya yi. In kuskure ne, masu Turanci sun fi riƙe fuskar mai yin. Ban yi mamaki ba. Ni dai ban yarda harshe yana ɗaure tunanin mutum ba, amma na ga yadda yake tilasta maka zaɓi duk lokacin da ka buɗe baki, kuma abin da ka saba zaɓa shi kake saba gani.

Wannan “se me” ɗin kuma yana da haɗari, na gani da idona. Wani mai gona da na yi wa aiki daga baya, duk ƙarshen wata in na tambayi kuɗina sai ya ce “se me olvidó”, ya shige mini, kamar mantuwar ce ta faɗo masa daga sama. Ni ma raina ya so ya yi mini irin wannan wayon. Da na samu sauƙin cewa rasuwar Baba yi mini aka yi, sai na ji ina so in ce gonar ma “se nos perdió”, ta ɓace mana. Na zauna na yi wa kaina hisabi na ga ƙarya ce. Ajali ba a hannuna yake ba. Ko ina zaune a zaurensa ranar, lokacin bai wuce lokacin ba. Amma gona ni na matsa aka jinginar, waya kuma ni na kashe ta da yatsana don kada in ji muryarsa. Waɗannan biyun da “ni” ake faɗinsu. Na rubuta su a bayan littafin darasi: “yo insistí, yo apagué el teléfono”. Na farkon bashi ne da za a iya biya. Na biyun sai istigfari, ina kuma yi har gobe. A daren ne na kira Inna, karon farko tun rasuwar. Na ce, “Inna, ku yafe mini.” Ta ce, “Ai shi ma ya yafe maka tun kafin ya kwanta. Kana cin abinci kuwa?”

Gobe ma sai da nahawu ya dawo mini da ita. Suna da wani juyin fi'ili da suke kira “subjuntivo”, na abin da ake fata ko ake tsoro ko ake jira, wanda bai tabbata ba tukuna. Ba a cewa “cuando tengo papeles” in ana nufin nan gaba, sai “cuando tenga”, ranar da na samu takardu. Harafi ɗaya ya sauya, maganar ta koma ta mai jira. 'Yan ajinmu sun sha wuya da shi, ni kuwa ya zo mini da sauƙi, don na ji shi kamar “Allah ya sa”, “Allah ya kai mu”. Da ta rubuta “ojalá”, kalmar da suke buɗe fata da ita, ta ce daga Larabci take, “lau sha'a Allah”, sai da na yi murmushi. Har wanda bai yarda da Allah ba a garin yana ambatonsa bai sani ba. Ta ce kalmomin Larabci a harshensu sun kai wajen 4,000, gadon zaman Musulmi a Andalus daga 711 zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492. Shugaban gari “alcalde” suke ce masa, tushensu ɗaya da alƙalinmu. Wata Lahadi na hau Alkasaba, ganuwar da halifan Andalus Abdurrahman na Uku ya sa aka fara ginawa a 955 a saman birnin Almeriya, na zauna ina kallon teku ta wajen da na fito. Ranar ce na fara jin baƙuntata ta ragu.

Abu ɗaya ne malamar ba ta ci nasara a kaina ba. Ta yi ta cewa in ce mata “tú”, kamar yadda kowa yake yi yanzu a Sifaniya. Na kasa. “Usted” nake ce mata, wadda asalinta “vuestra merced” ce, kusan ranki ya daɗe. Na gaya mata a gidanmu ba a ce wa sa'ar uwa “ke”, sai “ku”. Ta ce to ta haƙura.

A 2018 na samu takardu ta hanyar da suke kira “arraigo”, wato kafa saiwa: a lokacin sai ka nuna shaidar zaman shekara uku a ƙasar da kwantiragin aiki. Na samu aiki a ma'ajiyar da ake tantance kayan lambu ana lodi, inda nake har yanzu. A 2019 na je gida. Na fara da wanda gonar take hannunsa, na ƙirga masa jika ɗari uku a gaban mai gari da shaidu biyu, sannan yayana ya kai ni maƙabarta. Ba alama a kabarin sai wani fasasshen tulu, ƙasar ma ta kwanta. Na durƙusa na yi masa addu'a, na ce, “Baba, shekara biyun ta zama shida. Gona ta dawo.” A wannan zuwan aka ɗaura mini aure.

Yanzu in an kawo sabon yaro mai jin Hausa asibiti ko ofishin ƙungiyar agaji, sukan kira ni tafinta. Nakan ji su suna faɗin abin da na faɗa. Wani yaro ɗan wajen Maraɗi ya ce mini, “Yaya, gaya mata ni na lalace.” Na tambaye shi, “Lalacewa ka yi, ko kana cikin wani hali?” Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, “Ina cikin wani hali.” Na juya na gaya wa likita “está muy mal”, ta jawo kujera kusa da shi.

Malamata ta rasu a hunturun da ya wuce. Na je jana'izarta na tsaya a baya, na gaya wa 'yarta cewa ni ma an yi mini rasuwa, da kalmomin da uwarta ta koya mini.

'Yata a nan Almeriya aka haife ta, shekararta uku da rabi, ta fara zuwa makaranta. Da uwarta Hausa take yi, da ni kuwa tana gauraya su yadda ta ga dama. Kwanan baya aka ce su kawo hoton kakanninsu. Na nuna mata na Inna a waya, na kuma nuna mata guda ɗayan da muke da shi na Baba, na katin zaɓe, da rawaninsa. Ta sa yatsa a fuskarsa ta ce, “Baba, ¿quién es?” Wane ne? Na ce kakanki ne, malami ne, manomi ne. Ta ƙara kallonsa, ta ce, “¿Y dónde está?” To yana ina?

Na ɗauke ta na ɗora a cinya. Na ce, “Yana Kance, kusa da gonarmu. In aka yi hutu zan kai ki ki gaishe shi.”